Kifin da Ya Nutse a Kofin Mai Shayi

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san Kifi, sai dai ba kowa ya san inda sunan ya fito ba. Yaran yanzu zato suke daga bakin kogi iyayensa suka taso. Mutumin da ko kududdufi ya gani sai ya kewaye! Mai gyaran agogo ne, shagonsa na maƙale tsakanin na Tela da teburin Mai Shayi, kuma a cikin kofin gilashi aka haifi sunan nan, da hantsi, gaban shaidu.

A lokacin Mai Agogo muke ce masa. Yana da ƙane, Auta, mai gyaran famfo, wanda kullum za ka gan shi da sifana a aljihun baya da ƙafar wando a jiƙe. Wata rana Auta ya kawo masa agogon da mahaifinsu ya bar masa. Tsohon agogon hannu ne mai wani, irin wanda in ba ka murza shi da safe ba zai yi maka yaji kafin washegari.

"Yaya, ka san aikina," in ji Auta. "Hannuna ba ya rabuwa da ruwa. Na gaji da cirewa da ɗaurawa, rannan saura kaɗan in manto shi a banɗakin mutane. Ka toshe min shi yadda ko ɗigo ba zai shiga ba."

Mai Agogo ya karɓa da hannu biyu. Ya sake zoben robar da ke ƙarƙashin murfin baya, ya zaunar da gilashi daram, sannan ya zo kan ɗan abin nan na gefe da ake murzawa a yi wa agogo wani. Shi hula yake ce masa, mu ma duk a bakinsa muka ɗauka. Hular agogon ta tsufa, yatsan mahaifinsu ya cinye ta har ta yi sulɓi kamar tsakuwar rafi, ga tsatsa ta haɗe ta da sandarta. Wajen cirewa ta dare a bakin filaya. Bai damu ba. Ya zazzage gwangwaninsa ya zaɓo wata sabuwa, babba, mai ruwan zinariya, wadda ko daga tsallaken titi za ka hango ƙyallinta. Ya ɗaura ta zauna, ya murza ta juya sumul ba gardama. Daɗin juyawar nan ne ya yaudare shi.

Ranar da Auta zai karɓa, sai Mai Agogo ya shimfiɗa agogon a kan kanta cikin rana don ya yi walƙiya, ya leƙo waje ya yafuto mu.

"Ku zo ku ga aiki, ku masu cewa gyaran agogo zaman banza ne. Mai Shayi, ba ni kofi da ruwan sanyi."

"Na sha ko na wanka?"

"Na shaida."

Aka kawo. Ya ɗaga agogon sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Auta, daga yau agogon nan kifi ne. Rijiya ma ka shiga da shi." Ya sake shi cikin kofi, ɓulum.

Muka haɗa kawuna. Da farko lafiya lau, siririn hannun nan na sakan yana ta zagayensa a ƙarƙashin ruwa, har Tela ya buɗe baki zai yaba. Sai ga ɗan kumfa ya fito daga gindin hula. Sai wani ya biyo shi. Sai suka jero kamar carbi ya tsinke.

"Kifin naka yana numfashi," in ji Tela.

"Iskar waje ce da ta maƙale," in ji Mai Agogo, amma da muryar aro.

Ruwa ya fara hawa ta cikin gilashi, ya cinye lambar shida, ya kama biyar da bakwai. Hannun sakan ya yi tuntuɓe, ya ɗan ƙara taku, ya tsaya cak. Mai Shayi ya leƙa kofi, ya dubi mai aikin, ya ce, "A sa sukari?"

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Tela har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Shi kuwa ya tsamo agogon yana ɗiga, ya faɗa shago. Auta bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya bi shi har bakin kanta ya ce a hankali, amma duk mun ji, "Yaya, ko ni mai famfo na san ba a ɗaura wa bututu kan da ba nasa ba." Dariyarmu gaba ɗaya ba ta shige shi kamar wannan magana ba. Kafin la'asar sunan ya kama shi, har yau bai sake shi ba.

Kada wani ya ɗauka ɗan koyo ne. Da ɗan koyo ne da tuni an manta. Shagonsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwa ya taɓa bango da bango ba, amma kowane abu da mazauninsa: tebur mai farin ƙyalle, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙananan sukundireba a jere kamar 'ya'yan gida ɗaya, hantsaki, robar hura iska, da madubin ido ɗaya da yake maƙalawa har ya yi masa zobe a fatar ido. A kan katako akwai gwangwanayen madara, na huluna ya fi kowanne nauyi. In ka kawo agogo, kafin ya buɗe sai ya shinshina. Ya taɓa jin ƙanshin sabulu a agogon wani, ya gaya masa cewa matarsa ce ke masa wanki kuma ba ta laluba aljihu, mutumin ya tsaya baki buɗe.

Yana da karatun da yake wa duk wanda ya tsaya, har mun haddace. "Agogo ƙofa uku gare shi," haka yake farawa. "Gilashi, murfin baya, da hula. Biyun farko a rufe suke wuni, a rufe suke kwana. Ita kuwa hula kullum ana taɓa ta, a murza, a ja, a mayar. Ta nan ɓarawo ke shiga." Sai ya nuna maka da bakin allura ɗan bututun da ke jikin agogo, wanda hula ke hawa kansa, da zoben robar da ke cikin hula yana rungume da bututun. In hula ta fi bututu faɗi ko da kaurin gashi ɗaya ne, robar iska kawai take riƙe. In robar ta tsufa, ta daskare ko ta narke ta koma kamar kwalta, nan ma ƙofa a buɗe take. "Hular kirki sai ta ɗan yi maka gardama in kana murzawa," in ji shi. "Wadda ke juyawa ba musu munafuka ce." Yakan ƙara da cewa kada a tsoma agogon da ya sha rana cikin ruwan sanyi, don iskar cikinsa za ta tsuke ta zuƙo ruwa. Duk ya sani. Ranar nan dai ƙyalli da son a gani suka rufe masa ido, ya taka dokokinsa biyu a taku ɗaya.

Halin nan na toshe abu har gida yake kai shi. Matarsa ta sha kai ƙara wurin matar Tela cewa duk kwalbar da ya taɓa ba mai iya buɗe ta sai shi. In zai yi tafiya sai ta bi shi da kwalaben kicin ɗaya bayan ɗaya ya sassauta mata murafu, in ba haka ba a ci abinci ba gishiri har ya dawo.

Mahaifinsu mai gadin makaranta ne, shi ke kaɗa ƙararrawa, kuma da agogon nan yake kaɗa ta. Tun Kifi yana yaro, in uban ya cire zai yi alwala, shi ake ba riƙo, sai ya kara shi a kunne ya ƙi bayarwa. Saboda agogon nan ya koyi sana'ar. Amma da ciwon ajali ya kama tsohon, sai ya kwance shi da kansa ya ɗaura a hannun Auta, ya ce wa babban, "Kai agogo sun ishe ka a shago. Wannan ne ba ya sanin lokaci, a ba shi ko zai daina makara." Kifi ya ce, "Haka ne, Baba," ya fita tsakar gida ya daɗe yana duba igiyar shanya. Bai taɓa tayar da maganar ba. Kowa dai ya san abin ya ci masa rai, har shi Auta.

To, injin agogon bai mutu ba. A ranar Kifi ya warware shi ƙwaya-ƙwaya, ya busar, ya goge, ya sa mai, ba a daɗe ba ya ci gaba da bugawa kamar bai taɓa ganin kofi ba. Fuskarsa ce kawai ta riƙe tabo, wani siririn layi rawaya a inda ruwan ya tsaya. Auta ya zo karɓa.

"Sai na samo hularsa," in ji Kifi.

Ya koma, ya sake dawowa, amsar ba ta canza ba. Irin bututun agogon an daina yin sa, hulunan kasuwa duk ko sun yi masa yawa ko sun ƙi shiga. Auta ya je ya tambayi wani mai gyara a bayan kasuwa, aka ce masa abu mai sauƙi ne, a cire tsohon bututu a sa sabo da hularsa. Ya kawo shawarar da murna.

"Sabon bututu ya fi ramin kauri," in ji Kifi. "Sai an faɗaɗa ramin. In huda agogon Baba? Da hannuna?"

"To mayar min da babbar, in riƙa cirewa kamar da."

"Agogo ba ya fita daga shagon nan yana shan ruwa."

"Ai ya riga ya sha, Yaya, har ya ƙoshi."

Haka suka yi ta yi, da wasa da wasa, har ranar da wasan ya ƙare. Auta ya zo daga wani aiki da ya ba shi wahala, jiƙe har ƙugu, ya tarar da agogon rataye a ƙusa daidai saitin idon wansa, yana ta bugawa. Ya tsaya yana kallonsa.

"Yaya, faɗi gaskiya. Tun ranar da Baba ya ɗaura min shi idonka ke kansa. Da gangan ka nutsar da shi don ya dawo hannunka."

Kifi ya zare madubi daga ido a hankali. "Da Baba ya yi tunani, da bai ba mai wasa da ruwan kwata ba."

Keken Tela ya tsaya. Mai Shayi ya ajiye buta.

"To riƙe," in ji Auta. "Na bar maka."

"Ban ce a bar min ba. Gyara nake."

"To a gama lafiya."

Ya saɓa jakar kayan aikinsa ya tafi. Ni dai ban yarda da gangan ba ne, don fuskar da na gani a bakin kofin nan ba a iya ƙirƙirar ta. Amma ko yana jin daɗin ɗaga ido ya ga agogon a shagonsa? Wannan sai Allah. Ina jin shi kansa bai taɓa kafa wa tambayar madubi ba.

Ba gaba suka yi ba, da gaba ce da an samu abin sasantawa. Suna haɗuwa wurin suna da ta'aziyya, su gaisa, a tambayi iyali, kowa ya nemi wurin zama nesa da ɗan'uwansa. Auta da kullum a teburin Mai Shayi yake karyawa, sai ya koma wani layin. Famfon gidan Kifi ya fara ɗiga, ya ƙi kiran ƙaninsa, ya kuma ji kunyar kiran wani, sai ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaure. Famfon ya ci gaba da ɗigarsa, matar ta ajiye bokiti a ƙarƙashi, bokitin ya tsufa aka sake wani. Mutumin da ya rantse ɗigo ba zai shiga agogo ba, ga shi ɗigo ke masa ƙidayar sakan a tsakar gida.

Yayarsu mace ta zo har shago ta zauna a kan benci, ta yi masa faɗa irin na manya. "Kai ne babba. Zumunta a ƙafa take. Tashi ka je, ko ba komai ka ce ka zo gaishe shi."

"Zan je, Yaya. Ina samun hular zan je."

"Hula ce za ta yi maka sallama?"

"Ba zan shiga gidansa hannu rabbana ba. Sai ya ce ashe gaskiyarsa ce."

Ta tashi tana cewa girman kai rawanin tsiya, ya raka ta har bakin titi yana ba ta haƙuri, ya dawo ya zauna. Daga baya ita ma ta rasu, a wurin ta'aziyyarta ma tabarma biyu suka zauna.

Neman kuwa ya nema, ba zan zalunce shi ba. Duk direban da zai yi nisa sai ya ba shi saƙo. Duk mataccen agogon da ya shigo layin sai ya cire hularsa ya gwada. Wata ta shiga ta yi lako-lako, wata ta tsaya a baki ta ƙi, wata ta yi kamar za ta yi har ya fara murmushi, sai ya kafa madubi ya ga ƙaryarta. Agogon kuwa na nan a ƙusa, ya toshe bakin bututun da ɗan kakin zuma, kowace safiya ya cire kakin ya murza sandar da hantsaki ya mayar. Bai taɓa ɗaura shi a hannu ba, ko sau ɗaya. Mu kuma, in za a faɗi gaskiya, nishaɗi muka mai da abin. Wanda zai wuce ya ce, "Kifi, an samu?" Shi kuma ya ce, "Ana hanya."

Ana hanya agogunan batir suka shigo, ana hanya waya ta zo ta kore su. Aikinsa ya koma sa batir da huda maɗauri. Gashinsa ya yi fari, madubin ido ɗaya ya fara neman taimakon tabarau. 'Yar Auta da ake goyo ranar kofi ta girma, ta yi aure, har tana goyon nata.

Sai rannan labari ya zo cewa Auta ya faɗi a wurin aiki, a ƙarƙashin wurin wanke-wanken wani gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka ɗunguma asibiti, Kifi a tsakiyarmu. Ya tsaya a ƙarshen gado ya ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi," kamar wani maƙwabcin nesa. Auta ya amsa da ido. Muna dawowa Kifi ya wuce shagonsa. Yana buɗe shago ya zazzage gwangwanin huluna a kan farin ƙyalle, ya shiga gwada waɗanda ya riga ya san ba za su yi ba.

Bayan an sallami Auta da 'yan watanni, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kawo masa leda cike da matattun agogo, kamar yadda ya saba. A ciki akwai wani da mota ta taka, ba gilashi, ba hannaye, amma Kifi na ganin bayansa ya gane ɗan gidansu agogon Baba ne. Hularsa ƙarama ce, ta baƙin ƙarfe, ba ƙyalli ba ado, irin wadda in ta faɗi ƙasa ba mai sunkuyawa. Ya tsokale tsohuwar robar da allura, ya sa sabuwa, ya shafa ɗan man giris. Ya tura ta kan bututu. Ta yi gardama, ta yi gardama, sannan ta zauna.

Bai kira kowa ba. Tela ne ya hango shi ya je teburin Mai Shayi yana magana ƙasa-ƙasa, ya kuma ga Mai Shayi ya ɗauko kofi ya cika da ruwa bai ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka kafa teburin. Muka taso ɗaya bayan ɗaya muka tsaya daga nesa. Wannan karon ya cire injin ya ajiye a kan tebur, ya cusa ɗan auduga a cikin gidan agogon, ya rufe, ya bar shi a inuwa ya huce, sannan ya zura shi cikin kofi a hankali. Ba kumfa. Ya ja kujera ya zauna yana kallo, aka kawo masa shayi ya huce bai taɓa ba. Da ya gamsu ya tsamo, ya goge, ya buɗe. Audugar a bushe ƙamas.

"Da haka ka yi tun farko," in ji Tela.

"Da haka na yi," in ji Kifi.

Washegari ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya roƙi Tela ya raka shi. Daga bakin Tela muka ji sauran, shi kuwa ba ya rage magana, sai dai ya ƙara mata aljihu, amma a wannan na yarda da shi don bai yi dariya ba yana faɗa.

Sun tarar da Auta a kujera kusa da taga, hannun dama a kan cinya kamar na aro. Jakar kayan aikinsa na rataye a bayan ƙofa, ƙura ta hau ta. Matarsa ta kawo musu ruwa ta koma gefe ta tsaya.

"Auta."

"Yaya."

Kifi ya ciro agogon daga aljihu, ya warware ƙyallen da ya naɗe shi, ya ajiye a kan ɗan teburin da ke gabansa. Auta ya daɗe yana kallo. Maganarsa ta yi nauyi, amma ana ganewa.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Ka yi sauri."

Rabin bakinsa ya yi dariya. Ya ɗauka da hagu ya kara a kunne, ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya ga rawayan layin nan a fuskar agogon, ya bi shi da babban yatsa.

"Ruwan Mai Shayi."

"Shi ne. Ya ƙi fita."

Kifi ya ɗaura masa a hannun da ya shanye, don ya samu murzawa da mai lafiyar. Auta ya kama hula da yatsu biyu, suka zame. Ya sake kamawa. Hular ƙarama, sabuwar roba ta riƙe bututu gam yadda ake so, yatsun hagu kuma ba su saba ba, ga rawa suna yi. Ya yi ta fama har gumi ya tsattsafo masa a goshi, ko motsi ba ta yi ba.

"Yaya, ina waccan babbar mai ƙyalli? Ita ko da tafin hannu zan iya murza ta."

"Waccan tana shan ruwa."

Sai matar ta ce daga inda take tsaye, ba da wata manufa ba, "Wane ruwa kuma, Yaya? Yanzu ai ni nake masa wanka. Ko kofi sai an riƙe masa."

Tela ya ce shi dai rufin ɗaki ya shiga dubawa kamar an ba shi kwangilar sa. Da ya sauke ido sai ya ga Kifi ya durƙusa a gaban kujera, ya ɗora hannun ƙaninsa a tafinsa, yana murza hular a hankali har ta cika.

"Gobe zan zo in murza."

"Jibi fa?"

"Agogo ne. Kullum yake so."

Tun daga ranar, kafin ya buɗe shago sai ya bi ta can. Ya murza, ya daidaita da nasa, ya zauna. Daga kan kujerar nan Auta ya kwatanta masa yadda ake sake robar famfo, har ya ba shi aron sifana, aka ɗauke bokiti daga tsakar gidan Kifi, matarsa ta ce ta kasa barci don shirun ya yi yawa. Sai dai hirar ba ta da tsawo. Auta na saurin gajiya, kuma maganar kullum ƙara nauyi take, wani lokaci sai matar ta fassara. Labaran da ya kamata su yi lokacin da bakin ke sake, na auren 'ya'ya, na rasuwar yayarsu, na abin dariyar da kowannensu ya gani ya rasa wanda zai ba, duk sun wuce ba a yi su ba. Yanzu yawanci zama suke, agogo na bugawa a tsakaninsu, sai Auta ya fara gyangyaɗi Kifi ya tashi a hankali.

Kwanan baya Tela ya shiga shagon aron almakashi, ya ja aljihun tebur, sai ga babbar hular nan mai ruwan zinariya a cikin ɗan ƙyalle, tana ƙyallinta kamar jiya aka saye ta. Ya fito da ita a tafin hannu har teburin Mai Shayi, inda Kifi ke zaune ya dawo daga gidan Auta.

"Jama'a, ku ga mai laifi, ashe tana raye! Mai Shayi, kawo kofi, Kifi zai sake ninƙaya."

"Da sukari ko babu?" in ji Mai Shayi.

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Tela ya zauna kusa da shi ya dafa kafaɗarsa.

"Kai dai Kifi ba ka da dama. Ka tsufa kana neman hular da za ta hana ruwa shiga, ka samo ta ranar da mai agogo ya daina taɓa ruwa. To ga wadda yake so. Ka mayar masa da ita mana, ya riƙa murza abinsa, kai ma ƙafarka ta huta da sammako."

Kifi ya karɓi hular, ya juya ta a yatsa, ya naɗe ta a ƙyallenta ya sa a aljihu.

"In na mayar masa zai murza da kansa," ya ce. "To ni kuma in ce na zo yin me? Ai da na iya shiga gidan ƙanina ba dalili, da tun ranar kofin nan na shiga."